Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Nazari a Kan Yawon Buɗe Ido a Sararin Samaniya

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga watan Yuni na shekarar 2025, wani lauya ɗan Nijeriya mai suna Owolabi Salis ya shiga kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin tare da wasu mutum biyar, aka cilla su sama daga yammacin jihar Teksas ta Amurka. Nan da nan jaridun ƙasar nan suka ɗauka cewa ɗan Nijeriya na farko ya je sararin samaniya. A daren da labarin ya iso mana, musu ya kaure a ɗakin kwananmu na ɗalibai. Wani ya ce mako guda zai yi a can, wani ya ce ai har Wata zai taka, wani kuma abin da ya dame shi shi ne me mutumin zai ci. Washegari da na bincika, sai na tarar tafiyar duka, daga tashi har sauka, minti goma ce da 'yan daƙiƙoƙi. Kafin mu fara musun ma ya riga ya dawo ya sha ruwa.

Wannan ne ya sa na zauna na yi ɗan nazari a kan abin da ake kira yawon buɗe ido a sararin samaniya, wato tafiyar da mutum kan biya kuɗi ya yi, ba tare da yana ma'aikacin wata hukumar binciken sama ba. A wannan muƙala zan bambanta wa mai karatu tafiya iri biyu da ake kira da suna ɗaya. Bayan nan zan mayar da hankali a kan babbar cikinsu, wato kewaya duniya, in bayyana tarihinta da tsadarta da horon da take buƙata da yadda take taɓa jikin ɗan'adam da kuma haɗarin da matafiyi kan sa hannu a kansa.

2.0 Tafiya Iri Biyu Ce

Da farko, ina ne sararin samaniya ya soma? Babu wata katanga a sama, iskar duniya tana raguwa ne sannu a hankali har ta ƙare. Amma hukumar da ke ajiye tarihin bajintar jiragen sama ta duniya ta ɗauki tsawon kilomita 100 a matsayin iyaka, ana kiran wurin layin Karman. Hukumomin Amurka kuwa mil 50 suke amfani da shi, kimanin kilomita 80 ke nan. Idan muka lura, kilomita 100 bai kai nisan Legas zuwa Ibadan ba. Jirgin saman fasinja kuwa tsakanin kilomita 10 zuwa 12 yake tafiya.

Tafiya ta farko ita ce wadda zan kira tafiyar leƙe. Ana cilla kumbo ya miƙe sama, ya tsallake wannan iyaka, sannan ya faɗo kusa da inda ya tashi, kamar dutsen da yaro ya jefa sama. Matafiyi kan sami minti uku zuwa huɗu yana shawagi babu nauyi, ya ga baƙin sama da lanƙwasar duniya ta taga. Irin wannan Richard Branson ya yi a jirgin kamfaninsa Virgin Galactic ranar 11 ga Yuli, 2021, Jeff Bezos kuma ya yi tasa a New Shepard ranar 20 ga watan. Irinta ce Salis ya yi.

Tafiya ta biyu ita ce tafiyar kewaye. A nan kumbo kan hau falaki, wato hanyar da abu ke bi yana zagaya duniya ba tare da ya faɗo ba, ya yi kwanaki ko makonni a can. Irin wannan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya fara yi ranar 12 ga Afrilu, 1961, inda ya zagaya duniya sau ɗaya cikin tafiyar minti 108. Duka biyun zuwa sama ne, amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

3.0 Gudu Ne Sirrin, Ba Nisa Ba

Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken nan shi ne, bambancin tafiye-tafiyen biyu ba a nisa yake ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS a taƙaice, tana kimanin kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, abin da bai kai nisan Legas zuwa Abuja ba. Wahalar tana ga gudun da ake buƙata kafin a zauna a can.

Bari in ba da misali. A ce mutum ya hau kan dutse mai tsawo ya jefa tsakuwa gabansa. Za ta yi gaba, ta lanƙwaso, ta faɗi. Idan ya ƙara ƙarfi, za ta ƙara nisa kafin ta faɗi. To, duk abin da aka saki yakan faɗo kimanin mita 5 a daƙiƙar farko. Ita kuma duniya, da yake a dunƙule take, takan lanƙwashe kimanin mita 5 a kowane kilomita 8. Saboda haka idan tsakuwar nan ta yi gudun kilomita 8 a daƙiƙa, kuma babu iskar da za ta tare ta, to tana faɗowa ƙasa tana zame mata. Za ta yi ta faɗuwa ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wannan shi ne hawa falaki.

Tashar ISS na gudun kimanin kilomita 28,000 a awa. Da wannan gudu za ta keta daga Legas zuwa Kano cikin ƙasa da minti biyu, kuma takan zagaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, wato kimanin sau 16 a kwana guda. New Shepard kuwa ƙarshen gudunsa kimanin kilomita 3,500 ne a awa. Wato ninki takwas ke tsakaninsu. Masana kimiyya sun nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake buƙata kan ninka sau huɗu. Ninki takwas na gudu ke nan yana neman sama da ninki sittin na ƙarfi. Dalilin da ya sa ke nan rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX take da nauyin kusan tan 550, alhali kumbon Dragon da take ɗauke da shi bai wuce tan 13 ba. Mafi yawan sauran nauyin mai ne da sinadarin ƙona shi.

Har ila yau, wannan bayani ya warware wani kuskure da ni kaina na daɗe ina yi. Na ɗauka 'yan sama jannati na shawagi ne saboda ƙasa ta daina janyo su. Ba haka ba ne. A tsawon kilomita 400, ƙarfin janyowar ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin ɗari. Suna shawagi ne saboda da su da kumbon duka faɗuwa suke yi tare. Duk wanda ya taɓa jin cikinsa ya yi sama lokacin da mota ta gangaro daga tudu da gudu, ya ɗanɗani abin na daƙiƙa guda. Mai tafiyar kewaye a cikin wannan hali zai kwana ya tashi.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Harkar ta samo asali ne daga ƙarancin kuɗi da shirin sararin samaniyar Rasha ya shiga a ƙarshen zamanin Sobiyet da bayansa. Tun a watan Disamba na 1990 wani gidan talabijin na Japan ya biya kuɗi aka kai ɗan jaridarsa Toyohiro Akiyama tashar Mir. Amma mutum na farko da ya ciro kuɗi daga aljihunsa shi ne Dennis Tito, attajirin Amurka, wanda ya taɓa aikin injiniya a wata cibiyar hukumar NASA. Kamfanin Space Adventures ne ya shirya masa, ya tashi a kumbon Soyuz daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan ranar 28 ga Afrilu, 2001, yana da shekara 60. Ya yi kusan kwana takwas, an kuma ruwaito cewa dala miliyan 20 ya biya. NASA ba ta so tafiyar ba, domin a lokacin ana tsakiyar gina tashar ne, sai da ya amince zai biya duk abin da ya lalata.

A shekarar 2002 Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi sahu. Bayan hatsarin kumbon Columbia a 2003 aka dakata, sai a 2005 Gregory Olsen ya tafi. A 2006 Anousheh Ansari, 'yar asalin Iran mazauniyar Amurka, ta zama mace ta farko da ta biya kuɗi ta je, kuma Musulma ta farko da ta shiga sararin samaniya. Charles Simonyi ya je sau biyu, a 2007 da 2009, Richard Garriott ya je a 2008, sai Guy Laliberté na Kanada a 2009. Mutum bakwai ke nan cikin tafiya takwas. Daga nan ƙofa ta rufe har shekara goma sha biyu, domin an ƙara yawan ma'aikatan tashar, kuma Amurka ta ajiye jiragenta masu zuwa su dawo a 2011, kowace kujerar Soyuz ta zama ta ma'aikata.

Ƙofar ta sake buɗewa a 2021. A watan Satumba attajiri Jared Isaacman ya ɗauki hayar kumbon Dragon sukutum, ya tafi da mutum uku, suka yi kwana uku suna kewaya duniya ba tare da ƙwararren ɗan sama jannati ko ɗaya a cikinsu ba. An kira tafiyar Inspiration4. A watan Disamba Yusaku Maezawa na Japan da mataimakinsa suka yi kwana 12 a tafiyarsu ta zuwa ISS. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Axiom Space ya kai mutum uku masu biya tashar. A watan Satumba na 2024 Isaacman ya koma a tafiyar Polaris Dawn, suka kai tsawon kimanin kilomita 1,400, shi da Sarah Gillis kuma suka buɗe ƙofar kumbo suka leƙa waje sanye da rigar sama, karon farko da masu zaman kansu suka yi haka. A 2025 tafiyar Fram2 ta zagaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, hanyar da ɗan'adam bai taɓa bi ba.

5.0 Tsada: Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Kamfanonin ba kasafai suke bayyana farashi ba, amma alƙaluman da aka ruwaito sun isa misali. Daga dala miliyan 20 na Tito, kuɗin ya hau zuwa kimanin miliyan 35 a zamanin Laliberté, ya kai kimanin miliyan 55 ga kowane mutum a tafiyar Axiom ta farko. Idan aka raba miliyan 55 da kwana 17 da suka yi, kowane kwana ya haura dala miliyan uku. Tikitin tafiyar leƙe kuwa, Virgin Galactic ya sayar da shi a kan dala 450,000 a shekarar 2021. Wato da kuɗin kujera ɗaya ta kewaye za a sayi ta leƙe fiye da ɗari.

Me ake biya da wannan kuɗi? Mafi tsoka shi ne roka da kumbo. Bayan su akwai horo, da rigar sama da ake ɗinka wa mutum daidai jikinsa, da ma'aikatan da ke sa ido daga ƙasa dare da rana, da jiragen da za su ɗauko shi in ya sauka. Masauki ma ba kyauta ba ne. A shekarar 2019 NASA ta sanar da farashin da ya kama kimanin dala 35,000 a kowane dare domin iska da ruwa da abinci da ban ɗaki a ɓangarenta na tashar, a 2021 kuma ta ƙara kuɗin sosai, ta ce na farkon bai biya ɗawainiyar ba. A can sama ko numfashi yana da farashi, domin kowane abu sai an ɗauko shi daga ƙasa ko an sake sarrafa shi.

6.0 Gwajin Lafiya da Horo

Kuɗi kaɗai ba ya kai mutum falaki. Likitoci kan duba zuciya da huhu da ƙoda da ido da haƙori, saboda ciwon da a ƙasa ƙaramin abu ne, a sama zai iya tilasta a katse tafiyar kowa. Daisuke Enomoto na Japan ya yi watanni yana horo, ana saura 'yan makonni a tashi a 2006 likitoci suka cire shi, Anousheh Ansari ta hau kujerarsa. Richard Garriott kuwa sai da aka yi masa tiyata aka cire wani ɓangare na hantarsa, saboda wani ƙulli na jijiyoyin jini da ake tsoron ya fashe a sama. Amma ba a ce sai mai jikin soja ba. Hayley Arceneaux, wadda ta je a Inspiration4 tana da shekara 29, ta yi fama da sankarar ƙashi tana yarinya, kuma da ƙarfe a ƙafarta ta tafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu tafiya a Soyuz kan yi kusan wata shida a cibiyar horo ta Gagarin da ke kusa da Mosko. Shuttleworth ya yi kimanin wata bakwai a can, ya koyi harshen Rasha, domin da shi aka rubuta komai a cikin kumbon. Akan sa mutum a wani inji mai juyawa kamar majaujawa, don jikinsa ya saba da dannar da zai ji. Akan ɗauke shi a jirgin sama mai hawa da gangarowa, wanda ke ba da kimanin daƙiƙa 25 na rashin nauyi a kowane gangare. Akan koya masa rayuwa a daji ko a kan teku, ko da kumbo zai sauka inda ba a shirya ba. Har kwantar da shi ake yi a cikin farar ƙasa mai daskarewa a ɗauki siffar bayansa, a ƙera masa shimfiɗar kujera daidai da ita.

Ayarin Inspiration4 ma kusan wata shida suka yi suna shiri, har da zaman awa 30 a cikin kumbon gwaji. Na Axiom kuwa sun yi sama da awa 700. Babban abin da ake koya musu shi ne matakan gaggawa guda uku: tashin gobara, da zurarewar iska, da yoyon iska mai guba. Haka kuma akan killace matafiya kimanin mako biyu kafin tashi, don kada su kai mura ko wata cuta tashar. Mai tafiyar leƙe a New Shepard kuwa, horon kwana biyu ya ishe shi.

7.0 Rayuwa a Falaki

Daga tashi zuwa hawa falaki kimanin minti tara ne. A cikinsu matafiyi na kwance rigingine, yana jin nauyinsa ya ninka sau uku zuwa huɗu. Injin na mutuwa, sai nauyin ya ɓace gaba ɗaya. Isa tashar kuwa, a zamanin Tito kwana biyu ake yi a cikin ɗan ƙaramin kumbo. Daga baya Rashawa sun rage shi zuwa awa shida, sannan awa uku. Dragon kan ɗauki kusan kwana guda.

Abu na farko da ke tarbar baƙo shi ne jiri da tashin zuciya. Gaɓar da ke cikin kunne mai gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa takan rikice, ido na faɗin abu ɗaya, kunne na faɗin wani. Fiye da rabin masu zuwa kan yi fama da wannan na kwana biyu ko uku. Mai karatu ya lura: wanda ya sayi tafiyar kwana uku zai iya ƙare rabinta riƙe da jakar amai. Na biyu, jini da ruwan jiki da a ƙasa ke gangarawa ƙafafu sukan taru a ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, abinci ya rage ɗanɗano. Ƙashin baya kan miƙe, mutum ya ƙara ɗan tsawo, sau da yawa tare da ciwon baya. Masu daɗewa watanni kan rasa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a kowane wata, shi ya sa suke motsa jiki awa biyu kullum. Wannan bai cika damun baƙon mako biyu ba.

Sauran al'amuran yau da kullum duk sai an sake koyonsu. Ba a cin burodi mai marmashi, domin marmashin zai yi ta yawo ya shiga ido ko na'ura. Gishiri da barkono ma a narke suke zuwa. Ruwa a jaka yake, ana zuƙa da tsinke, kuma mafi yawansa daga gumi da fitsari aka tace shi. Babu wanka sai goge jiki da jiƙaƙƙen tawul. Ban ɗaki da iska mai zuƙa yake aiki, kuma a tafiyar Inspiration4 fankar ban ɗakin ta ba da matsala, ga mutum huɗu a wurin da bai fi cikin ƙaramar bas ba. Barci a cikin jaka ake yi, a ɗaure ta a bango.

Da yake rana kan fito ta faɗi sau 16 a kwana guda, ana bin agogo ne ba rana ba. Wannan ya taso da tambayar salla da azumi lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya, wanda gwamnatinsa ta tura, ya je a watan Ramalan na 2007. Malaman ƙasarsa suka fitar da jagora cewa a bi lokacin wurin da aka tashi, salla biyar a awa 24, a fuskanci alƙibla gwargwadon iko.

Bugu da ƙari, tashar ISS ba otal ba ce, ɗakin bincike ne da ma'aikata ke aiki bisa jadawali. Ayarin Axiom na farko sun ɗora wa kansu gwaje-gwaje masu yawa, har suka amsa cewa aikin ya fi ƙarfinsu a kwanakin farko, sai da ma'aikatan tashar suka taimaka musu. A shekarar 2022 NASA ta shar'anta cewa duk ayarin masu zaman kansu da zai je tashar, tsohon ɗan sama jannatinta ne zai jagorance shi.

8.0 Dawowa da Haɗari

Duk gudun da roka ta ba kumbo, sai an kashe shi kafin a sauka, kuma iskar duniya ce birki. Yayin da kumbo ya kutsa cikinta, zafin da ke jikin garkuwarsa kan kai kimanin digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos, matafiyi kuma ya ji nauyinsa ya ninka sau huɗu ko fiye, bayan kwanakin da jiki ya manta da nauyi. Idan aka sami tangarɗa abin kan fi haka. A 2008 wani kumbon Soyuz ya gangaro a tsaye fiye da ƙima, mutanen ciki suka ji ninki takwas, suka kuma sauka nesa da inda ake jiransu da ɗaruruwan kilomita. Soyuz kan buɗe laima ya dira a filin Kazakistan da ƙarfi, Dragon kuma a teku yake sauka. Ranar dawowa ma ba a hannun matafiyi take ba. Ayarin Axiom na farko sun shirya wa kimanin kwana goma, rashin kyawun yanayi a wurin sauka ya mayar da ita 17.

Tarihi ya nuna cewa tashi da dawowa su ne wuraren mutuwa. Mutum ɗaya ya rasu a Soyuz 1 a 1967, uku a Soyuz 11 a 1971, bakwai a Challenger a 1986, bakwai kuma a Columbia a 2003. Idan muka tuna cewa duk waɗanda suka taɓa hawa falaki ba su kai mutum dubu ba, za mu ga adadin ba ƙarami ba ne. Tafiyar leƙe ma ba ta tsira ba, domin a 2014 jirgin gwaji na Virgin Galactic ya tarwatse, matuƙi ɗaya ya rasu. A ɗaya ɓangaren kuma an sami ci gaba. A watan Oktoba na 2018 wata rokar Soyuz ta lalace bayan tashi, na'urar ceto ta fizge kumbon, mutum biyun da ke ciki suka sauka lafiya.

A nan ne nake ganin mai biya ya bambanta da fasinjan jirgin sama. Wanda ya hau jirgin fasinja, hukuma ta riga ta tantance jirgin. Amma dokar da Amurka ta yi a 2004 ta ɗora harkar a kan amincewa bisa sani. Wajibi ne kamfani ya sanar da matafiyi haɗarin a rubuce, ya kuma gaya masa cewa gwamnati ba ta ba da shaidar cewa kumbon amintacce ne ga ɗaukar mutane ba, shi kuma ya sa hannu. Dokar ta taƙaita ikon hukumar jiragen sama na kafa ƙa'idojin kare lafiyar matafiya na wani wa'adi, don masana'antar ta girma, kuma an yi ta tsawaita wa'adin. Ko a takarda ma ba fasinja ake kiransa ba, mahalarcin tafiya ake ce masa.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa sunan yawon buɗe ido bai cika dacewa da tafiyar kewaye ba. Mai yinta kan ba da dukiya mai yawa, da watanni na rayuwarsa, ya miƙa jikinsa ga likitoci, ya bi umarnin kwamanda, sannan ya sa hannu cewa in an rasa shi ya sani. Duk wannan kuwa ya samo asali ne daga abu ɗaya, wato gudun kilomita 28,000 a awa da sai an kai shi kafin a zauna a falaki, kuma sai an kashe shi kafin a dawo.

Akwai masu ganin cewa almubazzaranci ne a ƙone miliyoyin daloli a kwanaki kaɗan alhali ana fama da yunwa. Akwai kuma masu nuna cewa Inspiration4 ta tara sama da dala miliyan 200 domin asibitin yara masu sankara, kuma kuɗin masu biya na taimaka wa kamfanonin da ke shirin gina tashoshin da za su gaji ISS, wadda ake shirin yi wa ritaya wajen shekarar 2030. Abin da na fi lura da shi ni dai shi ne, masu sayen kujerun sun fara sauyawa daga attajirai zuwa gwamnatoci. Ta hanyar Axiom ne Saudiyya ta tura Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni a 2023, Turkiyya ta tura ɗan sama jannatinta na farko a 2024, Indiya da Folan da Hangari suka tura nasu a 2025. A nan gida, yarjejeniyar da hukumar NASRDA ta ƙulla a 2024 domin tura ɗan Nijeriya, ta kujerar New Shepard ce, wato ita ma leƙe ce.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk lokacin da muka ji an ce wane ya je sararin samaniya, mu yi tambaya uku kafin mu yi tafi ko mu yi suka. Ya kewaya duniya ne ko leƙawa ya yi? Wa ya biya, shi ne ko baitulmalin ƙasarsa? Sannan me ya je yi, kuma me ya dawo da shi? Da mun yi waɗannan tambayoyi a daren nan a ɗakinmu, da ba mu raba dare muna musu a kan tafiyar minti goma ba.